Sawun Kaza a Kan Kwalin Ludo

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Ga ta nan gare ku, sai dai babu gizo a cikinta. Ni ce a ciki, ni da kwalaye.

A shekarun da anka datse gulbi muna zaune a wani ƙauye ta wajen Maradun, bakin ruwa. Fadama gare mu. Maigidana albasa yake nomawa da rani, in ya cika buhuna sai ya jiƙa shuni ya yi musu shaida don kada su ɓace cikin na mutane a kasuwa. Shaidar sawun kaza ce, yatsu uku suna duban sama, da ɗigo guda a gindinsu. Ta gidansu ce tun daga ubansu. Ko jakinmu ita ce a cinyarsa.

Sai anka ce ruwa zai ci garin, mu tashi. Munka tashi. Anka kai mu wani tudu mai tsakuwa, inda in ka sari ƙasa da fartanya hannunka ne zai ji jiki. Daminar farko da munka yi can, gero bai kai ƙugu ba. Maigidana mutum ne mai kunya, bai iya zama a ga tukunyar gidansa a kife. Wata safiya ya ɗauki sanda da buta ya ce za shi ci-rani, zai dawo kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, wani rani ya shigo, bai dawo ba.

'Ya'ya biyu ya bar mini. Babban namiji ne, ɗan fari, yana cikin famfara. Ƙaramar mace ce, tana goye. Da yunwa ta kai mu bango na kwashe su munka zo Talata Mafara wurin goggona, ƙanwar ubana, mai sayar da daddawa. Maƙwabtanmu na tudu su ma sunka watse, wasu Bakura, wasu Dakko, wasu ban san inda sunka nufa ba. Ko da maigidana ya dawo, bukka zai tarar babu kowa, babu kuma wanda zai ce masa ga inda munka yi.

A nan wan mijina ya same mu, daga Gidan Goga, a kan keke. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Anka shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa, munka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi haƙuri, na amsa duka. Sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Yaron ga jininmu ne. Ƙanena babu shi babu labarinsa. Ba za a ce muna raye ɗanmu yana cin tuwon wani gida ba. Na ba ku zuwa girbi. In anka yanke gero bai bayyana ba, zan zo in ɗauki yaro. Ita ƙaramar ta zauna, tana shan nono."

Goggo ta ce, "Haba malam, yaron da bakinsa duk giɓi? Mi zai yi maka?"

Ya ce, "Goggo, kiwon awaki ba da haƙori ake yin shi ba."

Ni ban roƙe shi ba. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba: a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta roƙi a bar mata shi. In ta yi, an ce ba ta da kunya, har jikokinta a riƙa yi musu gori. Na ce, "To, Yaya. Allah Ya kai mu." Ya hau kekensa ya tafi. Na koma ciki na tarar da yaron yana ba ƙanwarsa ruwa da ludayi, na kau da kai.

A lokacin Mafara cike take da baƙi. Aikin dam ya jawo mutane daga ko'ina, masu tuƙa katafila, magina, masu gadi, masu yaren da ba mu taɓa ji ba. In sun tashi aiki ba su da gona, ba su da dangi, sai su zauna gindin itace suna ludo. Mu a ƙauye dara munka sani, a tona ramuka a ƙasa, in an gama a shafe da ƙafa. Shi ludo allo ne mai launi huɗu, an rufe shi da gilashi, an yi masa baki da katako. Wani Alhaji a unguwar goggo, asalinsa kafinta ne mai yin ƙofofi, ya ga abin yana tafiya, ya fara haɗa shi. Ana kawo masa takardun masu launi daga kudu, kafintocinsa su yanka gilashi su buga katako. Abin ya bunƙasa har ya wuce Mafara, ana loda shi a mota zuwa Gusau da Funtua da Sakkwato.

Goggo ta je ta yi magana da matar Alhaji, Hajiya, anka ɗauke ni cikin masu manna takarda a kwali. A cikin gida muke yi, ƙarƙashin rumfa, mu mata kaɗan. Maza su shirya kayan a waje: ƙaiƙayin shinkafa a ƙasan kwali ya yi kauri, sannan allunan ɗaya bisa ɗaya, sannan a can sama gwangwanayen da 'ya'yan ludo ke ciki. Su ɗaure su turo mana. Mu kuma ga kaskon ƙaro da anka jiƙa tun jiya, ga tsumma a bakin kara. Ka shafa, ka ɗora, ka goge da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta kwana a ciki. In ƙaro ya yi ruwa takarda ta zame, in ya yi kauri ta yi ƙuraje. Da yamma yatsunka manne suke da juna, sai ka jiƙa su kafin ka iya alwala.

Takarda uku ake manna wa kowane kwali. Ta fari hoton ludon. Ta biyu sunan garin da za shi, kuma da yake babu mai karatun boko a cikinmu, da launi muke ganewa: ja Gusau, kore Funtua, rawaya Sakkwato. Ta uku ce ta sa gabana ya faɗi ranar da na fara ganinta. Fara ce, da baƙin zane a tsakiya, layi uku sun fito daga wuri guda, na tsakiya ya fi tsawo. Sawun kaza, sak.

Alhaji ya tsaya daga bakin rumfa yana yi mana bayani. Ya ce, "Wagga kibiya ce. Bakinta sama zai duba. Ɗan dako in ya gan ta ya san ina ne kan kwali. In anka kife shi, gilashi ya hau kan gwangwani, shi ke nan."

A cikinmu akwai wata mata 'yar Dakko, bazawara, bakinta ba ya hutawa. Ta juya takardar ta ce, "Alhaji, kibiya ko sawun kaza? Ni dai na share tsakar gida tun ina yarinya, na san sawun kaza in na gan shi."

Ya ce, "Ke dai ki manna."

Ta ce, "Ai tambaya nike. In sama za ta, yatsun sama za su duba."

Nan anka fara gardama, don mu duka yatsun muke bi da ido, shi kuwa Alhaji tsinin yake bi. Hajiya ce ta raba. Ta ce, "Ku bar masa kibiyarsa. Kazar ga ƙasa ta nufa, rami za ta. Yatsu ƙasa, kun ji?" Munka ji. Daga ranar in sabuwa ta zo, abin da ake koya mata ke nan, kaza ta nufi ƙasa. Ba mu taɓa kuskurewa ba.

Ruwa ya sauka, anka yi shuka. Sai labari ya fara zuwa guntu-guntu. Wani ya ce ya ga maigidana a tasha yana dako, buhu a kai. Wace tasha? Wannan ya ce Gusau, wancan ya ce a'a, Funtua. Ni ba ni da abin mota, ba ni da wanda zan bar wa yara, ba ni kuma iya shiga tasha ina tambayar maza. Ko sunansa bakina bai faɗi, mace ba ta kiran sunan miji. Goggo ce ta tare direban da ke ɗaukar wa Alhaji kaya, wani mai ƙaton ciki da yawan dariya, ta gaya masa sunan.

Ya ce, "Goggo, masu sunan ga a kowace tasha sun fi ƙuda yawa. Kuma 'yan dako wa ke kiransu da sunan yanka? Wannan Dogo, wancan Gajere, wancan Mai Ƙaton Wuya. Yaya kamarsa?"

Goggo ta ce, "Baƙi ne, siriri."

Ya ce, "Kin gama kwatanta tasha duka, har da ni kafin in yi ciki."

Na kwana biyu da maganar a raina. Ina shafa ƙaro, ina kallon gero yana tashi a bayan katangar Alhaji. Kowa yana addu'a damina ta yi kyau, ni kuwa duk ganyen da ya ƙaru ji nike kamar an matso da keken wan mijina kusa. Sai wata rana ina goge takardar nan ta uku, tunani ya zo mini. Kowane kwalin ga a kan ɗan dako zai sauka. Kuma Alhaji da bakinsa ya ce kafin ɗan dako ya ɗauka sai ya dubi wurin ga. To in maigidana yana cikinsu, idonsa zai faɗa nan.

Na sayo shuni na ƙulla a bakin zane. In na gama manna takardun sai in tsoma tsinke in zana tamu shaidar a gefe, yadda yake yin ta a buhu, yatsu sama, ɗigo a gindi. Ja, kore, rawaya, ban bar ko guda ba. A zuciyata kaza biyu ce kawai, ta Alhaji ta nufi ƙasa, tamu ta nufi sama, kowa ya san tasa. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa wani zai dubi tawa ya ga kibiya.

'Yar Dakko ta gani tun ranar farko. Ta leƙo ta ce, "Ƙawata, kajin naki faɗa sunka yi? Kowace ta kama gabanta." Na gaya mata dalili a hankali. Daga baya in Hajiya ta nufo mu sai ta juya kwalin da ƙafa, shaidar ta koma wajen bango, ta ɗauko wata hira.

Kaya sunka tafi, wasu sunka bi bayansu. Gero ya yi bununi. Ranar wata kasuwa sai munka ji mota ta tsaya a ƙofar gida da ƙarar kwalabe a cikinta. Ba kwalabe ba ne. Anka shigo da kwalaye anka buɗe a tsakar gida, gilashi ya zube kamar ƙanƙara. Alhaji ya sa anka kira mu duka, direba yana tsaye yana danne dariya.

Alhaji ya ce, "Faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Direba ya ce, "Alhaji, a Gusau saura kaɗan a ba hamata iska. Wannan ya ce kibiya ta ce sama, wancan ya ce ga wata ta ce ƙasa. Anka kira sarkin 'yan dako. Ya duba, ya duba, ya ce ta hannu ita ce gyara, ta inji kuskure ce, a kife. Anka kife. Su mutanen Funtua sunka ce ba su shiga rigima, sunka kwantar da su a gefe, kowace kibiya ta samu rabi."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya ɗaga kwali guda ya nuna shunin ya ce, "Hannun wa ne?"

'Yar Dakko ta buɗe baki za ta yi wani zance, na riga ta. Na ce nawa ne. Na durƙusa na gaya masa komai, fadama da buhunan albasa da tasha da girbi. Yaron kaɗai ban ambata ba, sai Hajiya ce ta ƙarasa masa wannan.

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya ce, "Allah Ya bayyana miki shi, baiwar Allah. Amma hannunki ba zai sake taɓa kwalina ba." Bai zage ni ba, bai ce in biya ba. Da zan fita Hajiya ta cusa mini ƙullin gero a cikin zane ba tare da ta dube ni ba.

Na koma yi wa mutane surfe da daka, a ba ni dusa da ɗan abin da ya samu. Nonona ya ragu, ƙaramar ta riƙa kuka. In yaron ya yi barcin rana a inuwar zaure, babu kowa, sai in tsaya in dube shi. Sababbin haƙora sun fara leƙowa. In na ji motsi in wuce kamar wani abu nike nema.

Ashe maganar kwalayen ba ta mutu ba. Dariyar ta bi tasha-tasha, har in ɗan dako ya rasa inda zai nufa da kaya sai 'yan uwansa su ce masa kwalin Mafara. Gero ya nuna, an fara wasa lauje, sai ga direban a ƙofar goggo, wannan karon babu dariya. Ya miƙo wani yankin kwali. Shaidata ce da shuni, a gefenta an sake zana irinta da gawayi, yatsu sama, ɗigo a gindi.

Ya ce a Funtua ne. Ana cikin ba'ar sai wani siririn mutum ya ce a nuna masa kwalin. Da ya gani ya zauna a ƙasa. Ya tambayi wa ke zanawa, direba ya gaya masa. Ya yagi wurin, ya nemi gawayi wurin mai shayi.

Goggo ta ce, "To ina shi?"

Direba ya ce, "Na ce ya hau in kawo shi, ko sisi ba ni so. Ya ce a gaya mata ya gani. Ya ce shina nan tahe, amma ba zai shiga gida hannu wofi ba."

A ranar kunyata ta gaza. Na fito har bakin zaure na ce da direban, "Don Allah malam, in ka koma ka ce masa ba abin hannunsa ake so ba. Ka ce Yaya zai ɗauke yaron in anka yi girbi. Ya zo ko da rigar jikinsa, a gan shi kawai." Ya ce zai faɗa. Ya koma, ya dawo, ya ce bai same shi ba. 'Yan dako sun ce tun ranar da anka san yana da iyali a Mafara sunka dame shi da tambaya, washegari ya ɗaure tabarmarsa ya yi kudu.

Anka yanke gero. Wan mijina ya zo kamar yadda ya ce, a kan kekensa, ya ɗaura tsumma a kan kariyar bayan keken don yaro ya zauna. Munka gaisa doguwar gaisuwa. Goggo ta ɗauko yankin kwalin ta aje a gabansa.

Ta ce, "Duba nan. Ka san wagga?"

Ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya ce, "Ta ubanmu ce. Kuma hannun ƙanena ne, shi ke karkata yatsan hagu."

Ta ce, "To ka gani, shina raye. Ka ce in ya bayyana. Ga shi ya bayyana."

Ya aje kwalin a hankali. Ya ce, "Goggo, da na zo ina tsammanin ya mutu, kuma da matacce ne, wataƙila in ji nauyin raba maraya da uwarsa in ƙara muku shekara. Yanzu kun nuna mini rai gare shi, ya san inda ɗiyansa suke, an ba shi mota kyauta, ya juya baya. Wa zan jira kuma? A ɗauko kayan yaro."

Goggo ta yi magana har muryarta ta dushe. Ni na koma wurin turmi, akwai geron wata maƙwabciya da ta ba ni surfe. Goggo ta ƙulla masa rigarsa guda da ɗan ƙoƙonsa. Na ji shi ya zo ya tsaya a bayana. Ban juya ba. Ya tsaya, ya tsaya, sannan goggo ta ce, "Taho, baffanka na jira." Na ji ƙarar sarƙar keken har ta ɓace. Na ci gaba da daka. Sai da maƙwabciyar ta zo ta riƙe taɓaryar ta ce, "Ke, surfe na ce." Na duba turmin, geron ya zama gari, da dusar da komai.

Alhaji ya ci gaba da ludo har aikin dam ya ƙare baƙi sunka watse, sannan ya koma yin ƙofofinsa. Hajiya ta riga shi rasuwa. 'Yar Dakko ta auri wani mai noman tumatir a bakin kanal ɗin ruwan dam, ta yi ƙiba, har ta tsufa in munka haɗu a kasuwa sai ta ja ni gefe ta cika mini ƙwarya. Direban ya bar tuƙi da idonsa ya yi rauni, ya zauna sayar da taya a bakin hanyar Gusau. Goggo a hannuna ta cika, ni na gaji tukwanen daddawarta.

Wan mijina ya riƙe yaron da amana, bai bambanta shi da nasa ba, ya yi masa aure, ya ba shi gona. Matarsa yaron ke kira Inna. Ni in ya zo gaishe ni da salla, durƙusawa yake daga nesa kamar baƙo, in amsa masa kamar baƙo. Yanzu shi ma furfura gare shi, rashin kwanciyar hankalin ga ya sa ya kwashe iyalinsa zuwa Gusau.

Maigidana ya dawo lokacin da ƙaramar ta isa ɗaukar tulu. Ya zo da keke sabo da rediyo da tari. Damina biyu ya yi tare da mu, bai taɓa yin maganar Funtua ba, ni ma ban tambaya ba. A Mafara anka rufe shi. Ƙaramar da ke goye ita ce uwarku. Ni kuma ina nan ɗakin goggo, idona ya yi hazo, daddawar ma yanzu sai an kama mini.